TARIHIN MARIGAYI LIKITA MILA NA ZARIYA (1872-1952)

A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila.

An haife shi a ƙasar Ingila a shekarar 1872, ya kuma yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan. Da ya kammala sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai. A can ne ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Audu, wanda daga baya ya riƙe kamar ɗan cikinsa.

A 1900 ya biyo ayarin Bishof Tugwell, su biyar, suka taso daga Ikko har Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, don haka suka juyo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. Nan ɗayansu, Ryder, ya rasu, shi ma Mila ciwo ya tilasta masa komawa gida. Da ya sami sauƙi sai ya sake dawowa.

A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Masu gyambo da ciwon ido da zazzaɓi suka riƙa zuwa, yana duba su da harshensu, ba tafinta. Yawancinsu Musulmi ne, kuma sun ci gaba da addininsu, amma hakan bai sa ya rufe ƙofa ba. A koyarwar Kirista, tausayi ginshiƙi ne na bangaskiya, kamar yadda misalin Basamariye mai kirki ya nuna: maƙwabcinka shi ne duk wanda ka tarar cikin wahala.

Jarrabawa mafi zafi ta same shi a Gimi. Wasu zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19, sun karɓi Kiristanci, aka tara su a ƙauyen Gimi don su yi noma su yi karatu. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya shiga cikinsu ya hallaka da yawa, ga shi a lokacin babu magani mai inganci. Dole aka tashi ƙauyen, waɗanda suka tsira, har da marayu, aka kai su Zariya, makarantar mishan ta rungumi yaran.

Wajen 1929 mishan ta ƙaura zuwa Wusasa, inda makaranta da asibiti suka bunƙasa. Cikin waɗanda suka tashi a hannun wannan mishan akwai Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma.

Mila ne ya ɗauki kaso mafi tsoka na aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Wannan aiki ya share fage ga fassarorin da ake karantawa a majami'un Arewa, har nan Sakaba da sauran ƙasar Zuru.

To, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Mila mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Ya sha saɓawa da sarakuna, da Turawan mulki, har da abokan aikinsa, kuma wasu na ganin ya cika tsoma baki cikin sha'anin sarauta. Sai dai yawancin rigimarsa a kan zaluntar talaka ce.

Ya ƙare rayuwarsa a Bukuru kusa da Jos, inda ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

Mu da muka ci moriyar ilimi, sai mu tambayi kanmu: mara lafiya nawa muka duba bana, maraya nawa muka biya wa kuɗin makaranta? Allah ya ba mu zuciyar tausayi, amin.