Mai Dunama Dibbalemi: sarkin da daularsa ta kai Libiya, birninsa kuma ya ɓace

Sama da shekara 4,300 ke nan da Sarki Sargon ya kafa daular Akkad a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, amma har yanzu masu haƙar kayan tarihi ba su gano inda babban birninta yake ba. Ƙasar Cadi ma tana da irin wannan ɓataccen birni, wato Njimi, fadar daular Kanem a gabashin tafkin Cadi. Sarkin da ya fi shahara a wannan fada shi ne Mai Dunama Dibbalemi.

Dunama ɗan gidan sarautar Saifawa ne, gidan da ya karɓi Musulunci tun zamanin Mai Hume, a ƙarshen ƙarni na 11. Laƙabin Dibbalemi daga sunan mahaifiyarsa ya samo shi, kamar yadda Barebari suka saba danganta sarki da uwarsa. Ya hau karaga a farkon ƙarni na 13, ya yi kusan shekara 40 a kanta.

Ƙarfinsa na kan doki ne da kuma hanyar Sahara. Ya riƙe hanyar fatake da ta bi ta Kawar, yankin Bilma a Nijar ta yau, har ikonsa ya kai Fezzan a kudancin Libiya, inda Kanem ta ajiye wakili a garin Traghen. Ta wannan hanya dawaki da tufafi ke shigowa, bayi da hauren giwa ke fita, kuma yawancin bayin daga hare-haren da ake kai wa maƙwabta na kudu aka samo su. Masanin nan Ibn Sa'id, wanda ya yi zamani da shi, ya ambace shi da yawan jihadi. A wajajen 1240 aka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira da dukiyar mutanen Kanem, ta zama masaukin ɗalibai da alhazansu.

Abin da aka fi tunawa da shi, shi ne buɗe Mune. Mune wani abu ne a naɗe wanda sarakunan Kanem suka gada kaka da kakanni, ba a buɗe shi, kuma jama'a sun ɗauka nasarar daula a kansa take. Dunama ya kwance shi. Liman Ahmad Ibn Furtu, wanda ya rubuta tarihin Mai Idris Alauma a ƙarni na 16, ya ɗora alhakin fitinun da suka biyo baya a kan wannan aiki, har da doguwar gaba da Tubawa.

Bayan rasuwarsa, rikicin gadon sarauta ya raunana gidan. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 Bulala suka matsa wa Saifawa har Mai Umar ɗan Idris ya bar Njimi ya koma Borno, yammacin tafkin. A can jikokinsu suka gina Birnin Gazargamu a ƙarni na 15. Mai Idris Katakarmabe ya sake cin Njimi a farkon ƙarni na 16, amma fada ba ta dawo ba, har gurbin birnin ya ɓace wa mutane. A yau wasu masu bincike na kyautata zaton kufan Tié, mai ganuwar jan bulo a yankin Mao, shi ne Njimi.

Bahaushen Dembé ko na Damagaram ko Kano yana da rabo a wannan tarihi. Sarautun Galadima, Ciroma da Yarima da ake naɗawa a fadojin Hausa daga Borno suka shigo, Borno kuwa magajiyar Njimi ce.