Tarihin Mai Shari'a Muhammadu Bello, Ɗan Muftin Katsina

An haifi Muhammadu Bello a birnin Katsina cikin shekarar 1930. Mahaifinsa Malam Muhammadu Giɗaɗo shi ne Muftin Katsina, wato a gidan fatawa ya buɗe ido, inda ba a yanke magana sai an duba littafi. Ya yi elementare da midil a Katsina, ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda a yau ake kira Barewa. Daga nan sai Jami'ar Badun, inda ya koyi Latin, tsohon harshen da Turawa suka gina kalmomin shari'arsu a kansa, kamar yadda ɗalibin fiƙihu ba ya rabuwa da Larabci. Sa'an nan ya haye zuwa Ingila, ya zama lauya a Lincoln's Inn ta birnin London.

Da ya komo a 1956 sai ya kama aikin lauyan Gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna. A zamanin nan lauyoyi 'yan Arewa ba su cika yatsun hannu ba, kuma da yawan malamai suna ganin wannan karatu barin hanya ne. A 1961 ya zama Babban Majistare, na farko daga Arewa. A 1964 aka ba shi shugabancin masu gabatar da ƙara, ya hau kujerar joji a Babbar Kotu, har a 1975 aka kira shi Ikko, Kotun Ƙoli, inda ɗaukaka ƙara take tuƙewa.

A can ne shari'ar da ta fi kowace nauyi ta same shi, kuma ta shafi ɗan ƙasar Sakkwato. A zaɓen 1979 doka ta ce ba mai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya sami rubu'in ƙuri'u a sulusani na jihohi. Jihohi kuwa 19 ne, ba su rabuwa uku daidai. Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12, amma a Kano abin da ya samu bai kai 20 cikin 100 ba. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, hujjarsa ita ce jiha ba ta gutsuruwa, sai a cika 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya kafa hujja da cewa sulusanin 19 shi ne 12 da sulusani, saboda haka a Kano sulusanin rubu'i ake nema, wato sudusi. Duk almajirin da ya taɓa zama gaban malamin rabon gado ya san irin wannan hisabi, sai dai nan abin rabon mulkin ƙasa ne, ga soja suna jiran wanda za su miƙa wa.

Alƙalai 7 suka zauna ƙarƙashin Fatayi-Williams, Muhammadu Bello yana cikinsu. Ranar 26 ga Satumba 1979 shida suka kori ƙarar, har da shi, Kayode Eso kaɗai ya saɓa. Aka rantsad da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Masana ba su daina jayayya a kan wannan hukunci ba, kuma hujjar Eso ba abar rainawa ba ce.

A 1987 ya gaji Ayo Irikefe, ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ɗan Arewa na farko a wannan kujera. Shekarunsa takwas a kanta kusan duk ƙarƙashin soja suka faɗo, lokacin da dokar soja take ɗaure hannun kotu, kuma rikicin zaɓen 1993 da tsare Abiola sun jawo wa kotunsa zargi mai yawa. Ya sauka a 1995 yana da shekara 65, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi. Ya rasu cikin watan Nuwamba 2004. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.