Alu Mai Sango: Sarkin da ya ci Kano da yaƙi, ya sa Sakkwato ta amince masa

A 1894 Aliyu Babba ɗan Abdullahi Maje Karofi ya shiga birnin Kano a gaban mayaƙansa, ba tare da takardar naɗi daga Sakkwato ba. A ƙa'idar daular da Shehu Usmanu ya kafa, ɗan tawaye ne, domin wanda Sarkin Musulmi ya naɗa yana nan da ransa. Amma Alu ya zauna a gidan Rumfa har shekara tara, kuma babu wani ɗan gida da ya iya tumɓuke shi sai da Turawa suka zo.

Tushen rigimar a cikin gidan Ibrahim Dabo yake. Abdullahi Maje Karofi ya daɗe a kan gado tun daga 1855, ya bar 'ya'ya masu yawa. Da ƙanensa Muhammadu Bello ya gaje shi, sai ya riƙa raba 'ya'yan Abdullahi da sarautu yana share wa ɗansa Tukur hanya, har ya kai shi Galadima. Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya umarci Waziri Buhari ya naɗa Tukur, saboda bajintar da Tukur ya nuna a yaƙin Argungu. Yusufu ɗan Abdullahi ya fice da 'yan uwansa da bayin gidansu zuwa Takai. Nan aka soma Basasa, tsakanin Yusufawa da Tukurawa.

Yusufu bai ga nasara ba, ya rasu a Garko yaƙi na tsaka. Akwai waɗanda suka girmi Alu a cikin 'ya'yan Abdullahi, duk da haka shi aka tsayar, kuma dalilin a bayyane yake: mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa ma ya ci. Yusufawa sun san takobi zai iya buɗe musu ƙofar birni, amma wata rana sai sun zauna da Sakkwato, kuma zai yi wa Sakkwato wuya ta ƙi jininta har abada. Mai karatun tarihin Ingila zai tuna da Henri na Bakwai, wanda ya ci sarauta a fagen Bosworth a 1485 sannan ya auro 'yar gidan York don ya toshe bakin masu cewa ba shi da gado. Shi Alu bai buƙaci aure ba, da dangantakar aka haife shi.

Abu na farko da ya yi bayan shiga birni shi ne ƙin barin abokin hamayya a baya. Tukur ya gudu zuwa Kamri a iyakar Katsina, yana jiran gudummawar da Abdurrahman ya umarci sarakuna su kai masa. Yawancinsu suka yi ta jan ƙafa. Alu ya bi shi, aka gwabza a Tafashiya a watan Maris na 1895, Tukur ya samu raunin da ya yi ajalinsa. Da babu sauran wanda za a mayar kan gado, Sakkwato ta haƙura ta karɓi abin da ba ta iya sauyawa.

Sai rabon ganima, kuma a nan ne siyasarsa ta fi fitowa. An ƙwace sarautu da gidaje da dukiyar Tukurawa aka ba waɗanda suka sha wuya a Takai. An kama mutane an sayar da su bayi, ciki har da 'ya'ya Musulmi, abin da shari'ar da daular ke tinƙaho da ita ta haramta. Wannan tabo ne da masu yabon jarumtarsa kan tsallake. 'Yan uwansa kuwa, waɗanda kowannensu yake da hujjar neman gadon, ya ɗaure su da manyan muƙamai: yayansa Ahmadu ya zama Waziri, Abbas ya zama Wambai. Amma bindigogi bai damƙa su ga 'ya'yan sarauta ba. Manyan bayin sarki irin su Shamaki Harisu da Sallama Jatau su ne ƙashin bayan rundunarsa, domin bawan sarki komai ƙarfinsa ba ya neman rawanin Kano, kuma faɗuwar ubangidansa tasa ce. Daga makamin nan sango, da ake harbawa da bindiga, laƙabinsa ya samo asali.

Tukurawan da suka tsira sun watsu Katsina da Damagaram. Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi ƙasar Kano a 1898 har Gezawa, kusa da birni. Abin da ya kawar da wannan barazana gaba ɗaya ba dabarar Alu ba ce: Faransawa ne suka ci Zinder a 1899, suka kashe Ahmadu.

Irin wannan ƙarfi ne ya tunkaro shi daga kudu. A Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga kuwa ya samu hujjar da yake nema. A wannan watan Abdurrahman ya rasu. A farkon 1903 Alu ya ɗebi manyan hakimansa da dawakai ya nufi Sakkwato don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Yana can, rundunar Kanar Morland ta ci Bebeji, ta fasa Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sallama Jatau ya mutu yana kare fada.

A hanyar dawowa labari ya riske su. Alu ya sulale da dare ya bar rundunar, har yau ana gardama a kan ko hijira zuwa gabas ya nufa ko tsira da rai. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi faɗa, ya faɗi a Kwatarkwashi, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Wambai Abbas ya ja sauran zuwa Kano ya miƙa wuya, Lugga ya naɗa shi sarki.

An kama Alu a ƙasar Gobir aka miƙa shi ga Turawan Ingila. Suka kai shi Yola, daga baya suka mayar da shi Lakwaja, inda ya rayu a tsare fiye da shekara ashirin. A can ya rasu a 1926, a can kuma kabarinsa yake.