Clara Schumann, Matar da Ta Riƙe Gida da Yatsunta

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wata mace Bajamushiya wadda ta shafe fiye da shekara 60 tana kaɗa piyano a gaban jama'a.

An haifi Clara a birnin Leipzig a shekarar 1819. Mahaifinta, Friedrich Wieck, malamin kiɗa ne mai tsananin horo, kuma a hannunsa ta tashi bayan auren iyayenta ya mutu. Tana da shekara 9 ta fara kiɗa a babban zauren birnin. Kafin ta kai 20 sunanta ya kai har fadar sarki a Vienna.

Wani almajirin mahaifinta, Robert Schumann, ya nemi aurenta, uban ya ƙi ƙememe. Sai da maganar ta kai kotu kafin aka ɗaura auren a 1840. Suka haifi 'ya'ya 8.

A 1854 ciwon taɓin hankali ya ci ƙarfin Robert, har ya faɗa kogin Rhine. Aka tsamo shi, aka kai shi asibiti kusa da Bonn. Clara tana ɗauke da cikin autansu a lokacin. Likitoci suka hana ta ganinsa fiye da shekara 2, sai ana saura kwanaki kaɗan ya rasu a 1856. A nan ne muke ganin girmanta ya fi bayyana. Abokai sun so su shirya taron kiɗa domin a tara mata gudummawa, ta ƙi, ta zaɓi ta ci guminta. Ta shiga yawon kiɗa daga gari zuwa gari, har Ingila da Rasha, tana ciyar da yara 7 da abin da ta samo, tana kuma kaɗa waƙoƙin mijinta domin kada a manta da su. Yawanci da ka take kaɗawa, ba takarda a gabanta, abin da ba a saba gani ba a zamanin.

Daga 1878 zuwa 1892 ta koyar a makarantar kiɗa ta Frankfurt, ɗalibai suna zuwa mata har daga Amurka. Huɗu daga cikin 'ya'yanta sun riga ta mutuwa, ɗaya ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali, wasu jikokin ma ita ta riƙe su.

Ta rasu a Frankfurt ranar 20 ga Mayu, 1896, aka binne ta a Bonn kusa da mijinta.