Kyaftin Noel Chavasse, Likitan Da Ya Sadaukar Da Ransa A Fagen Fama

A duk Yaƙin Duniya na Farko, mutum ɗaya tak aka bai wa lambar Victoria Cross har sau biyu, wato lambar jaruntaka mafi girma ta ƙasar Ingila. Wannan mutum kuwa likita ne, ya sami sunansa wajen ceton rayuka. Shi ne Kyaftin Noel Chavasse.

An haife shi a birnin Oxford ran 9 ga Nuwamba, 1884. Mahaifinsa babban limamin Kirista ne, wanda daga baya ya zama Bishop na Liverpool. Noel ya yi karatun likita, kuma gwanin gudu ne, har ya shiga tseren mita 400 a wasannin Olamfik na Landan cikin 1908. A 1913 ya shiga sashen likitocin soja, aka haɗa shi da bataliyar Liverpool Scottish.

Ran 9 ga Agusta, 1916, bataliyarsa ta kai hari a Guillemont, cikin ƙasar Faransa, ta sha mummunan kashi. Chavasse ya wuni a fili yana ɗaure raunuka, harsashi na zuba. Da dare ya yi, sai ya bi fagen yana neman waɗanda suka faɗi, har ya ɗauko waɗansu daga ramin da bai fi yadi 25 da sansanin Jamusawa ba. Ɓarɓashin bam ya same shi a haƙarƙari, amma bai fasa ba. Ya ceci kimanin mutum ashirin masu munanan raunuka.

Bayan shekara guda, ran 31 ga Yuli, 1917, a Wieltje ta ƙasar Beljiyam, aka ji masa rauni tun farkon fama. Ya ƙi barin bakin aikinsa. Kwana biyu yana fita cikin ruwan sama da taɓo, ga yunwa ga gajiya, yana kwaso masu rauni. Ran 2 ga Agusta bam ya faɗa ramin da yake jinyar mutane, ya yi masa raunin ajali. Ya rasu ran 4 ga Agusta, yana da shekara 32, aka binne shi a Brandhoek.

Lambar ta biyu bayan mutuwarsa aka ba da ita. Har yau mutum uku kaɗai suka taɓa samunta sau biyu, biyu daga cikinsu kuwa likitoci ne.