Isaac Newton, Yaron Da Ya Kasa Kiwo

An haifi Newton a ƙauyen Woolsthorpe na Ingila a 1642, bayan rasuwar ubansa. Uwarsa ta so ya zama manomi, amma ina! In an tura shi kiwo sai ya shagala da littafi, dabbobi su shiga gonakin mutane. Ya shiga Jami'ar Cambridge a 1661. Cikin littafinsa na 1687 ya nuna cewa abu mai tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Shi ya sa in direba ya taka birki farat ɗaya a hanyar Maiduguri zuwa Potiskum, mota ta tsaya, amma wanda ya hau bisa kaya ya wuce gaba, ya sha ƙasa. Newton ya rasu a 1727, bai taɓa ganin mota ba.