Carl Seyfert, malamin da bai ga ranar aikinsa ba

An haifi Carl Seyfert ran 11 ga watan Fabrairu, 1911, a birnin Cleveland cikin Jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, inda ya sami digirin digirgir a ilmin taurari cikin 1936.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya sani taurari ba a warwatse suke barkatai ba. Gungu-gungu suke, kowane gungu kuwa yana ɗauke da taurari miliyoyi barkatai. Masana kan rarrabe hasken gungu launi-launi kamar bakan gizo, da haka suke gane irin iskar da ke cikinsa da kuma saurin tafiyarta.

To, wannan aiki Seyfert ya tasa a gaba sa'ad da ya je gidan duban taurari na Dutsen Wilson a Kalifoniya cikin 1940. A 1943 ya buga bayanin gungu shida waɗanda cibiyarsu take da haske fiye da kima. Ya nuna cewa iskar da ke cibiyar wasunsu tana gudun da ya kai kilomita 8,500 cikin daƙiƙa ɗaya. Amma lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, shi kansa ya koma Cleveland yana koya wa sojoji dabarun gane hanya. Aka yi shekaru ba wanda ya kula da binciken sosai.

Bai karaya ba. A 1946 ya kama aiki a Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, ya tarar madubin hangen nesansu ɗan ƙarami ne, inci 6 kacal. Sai ya shiga bin kamfanoni da masu hannu da shuni yana neman gudummawa, har aka gina gidan duban taurari na Dyer mai madubi inci 24, aka gama shi a 1953. Ban da wannan, yakan karanta wa mutanen garin labarin yanayi a talabijin.

Ran 13 ga watan Yuni, 1960, ya yi hatsarin mota a Nashville, ya rasu yana da shekara 49.

Bayan rasuwarsa da shekara uku, Maarten Schmidt ya gano nisan wani abu mai tsananin haske da ake kira kwasa, sai masana suka waiwayi takardar 1943. A 1967 aka lura hasken ɗaya daga cikin gungun nan shida, NGC 4151, yana ƙaruwa yana raguwa. Tun da babu abin da ya fi haske sauri, abin da haskensa ke sauyawa cikin 'yan watanni faɗinsa ba zai wuce tafiyar haske ta 'yan watanni ba. Ashe wutar daga ɗan ƙaramin wuri take fitowa. Yau an san baƙin rami ne ƙato yake haɗiyar iska, ita kuwa tana yin zafi tana haske kafin ta faɗa ciki. Masana suna bin sauyin hasken nan dare bayan dare don su auna nauyin ramin.

Irin waɗannan gungu yanzu da sunan Seyfert ake kiransu, haka ma wani kwari a bayan wata.